Kafin Ku Sauke Giyabos a Ƙofar Gida

Ƙannena na Gabukka da sauran unguwannin Gombe, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta biyo baya ta karye, tsohuwar mota ta zama dukiyar da ake lallaɓawa. Mai Golf ko Vectra ko Peugeot 406 ya san in ta kwanta, ba yau ba gobe zai sayi wata. Shi ya sa samari da yawa a cikinku suka fara shiga ƙarƙashin motocin iyayensu da kansu, waya a hannu ɗaya, sifana a ɗayan. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Yanzu kuma na ga hankalin wasunku ya kai ga giyabos, to a nan ne nake so mu zauna mu yi magana. Canza giyabos na giyar hannu a ƙofar gida aiki ne da ake yi, kuma a gama lafiya. Sai dai kuɗin da za ku tsira da shi ladan aikin bakanike ne kaɗai. Duk inda kuka ƙara matse hannu bayan wannan, ko dai aikin ya dawo muku ɗanye, ko ya taɓa lafiyarku.

Abu na farko, ku tabbata giyabos ɗin ne ke da laifi. An sauke masu lafiya ba iyaka saboda ciwon da ke wani wuri. Idan ka taka totur a kan hawa, injin ya ɗau ƙara amma motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci ne ya cinye. Idan giya tana shiga sumul in injin yana kashe, da an tayar kuma kowace lamba ta yi tauri, har ribas ya riƙa ƙara kafin ya shiga, kulocin ne ba ya saki sosai, wataƙila wayarsa ta miƙe, ko mansa ya zube a motocin da ke aiki da mai. Sandar giya mai lilo kamar ba a ɗaure take ba yawanci 'yan robobi ne suka mutu a mahaɗarta, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙas-ƙas da ake ji in an karya kan mota a kwana daga shaf yake fitowa. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canza murya in ka karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin taya ne. Ko giyar da ke fita da kanta ma, kafin a yanke wa giyabos hukunci a duba robobin da injin ke zaune a kai, domin in sun yage injin yana girgiza ya fizge giyar.

Alamomin da ke nuna cikin giyabos ɗin kansa daban suke. Lamba guda tana ƙara duk lokacin da za ta shiga, sauran suna shiga lafiya: zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙoran wannan lambar ya cinye, kuma lamba biyu ta fi saurin kamuwa, don ita ce ke shan wahalar cikin gari. Kukan da ake ji mota na tsaye a firi, ya ɗauke in ka taka kuloci, na boris ɗin ciki ne. In kuwa sai ka taka kulocin kukan ke farawa, boris ɗin kuloci ne, giyabos ba ruwansa. Babban mashaidi shi ne man giya. Ku juye shi a roba mai tsabta ku kai shi rana. Ɗan ƙyalƙyali mai ruwan zinariya tagulla ce da ta goge, wannan tsufa ne. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa kuwa, haƙori ne ko boris ya farfashe, magana ta ƙare.

To, an tabbata. Sai saye, kuma a nan kuɗin yawancin mutane ke halaka. Ku tuna shekarun motocin nan. Golf 3 ta fito a 1991, an daina ƙera ta kafin shekarar 2000. Peugeot 406 ta fito a 1995. Giyabos ɗin da za a ce muku ɗan Beljiyam ne sa'an motarku ne, ya yi nasa yawon a titunan Turai kafin a yanka motarsa a loda shi a kwantena. Abin da ya fi naku da shi, wataƙila bai sha lodi da yashi irin namu ba. Daga tashar jiragen ruwan Legas yake bi ta kasuwar Ladipo, ko ya biyo ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kafin ya iso shagunan Gombe, kuma a kowane zango akwai hannun da zai iya wanke wanda aka ciro daga motar haya ta gida, ya fesa masa fenti, ya sa shi a layin 'yan waje. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su gaya maka gaskiya ko da cinikin zai ɓaci, irinsu za ku nema. Amma sayen giyabos na gwanjo kamar sayen saniya ne a kara, mai ita ya fi ka sanin ciwonta, don haka kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je da magariba.

Ku tafi da tsohon giyabos ɗin, ko aƙalla lambarsa. Kowane giyabos yana da haruffa da lambobi da aka buga a jikinsa, a Golf haruffa uku ne a gefen da ke haɗuwa da injin. Ku kankare dattin ku ɗauki hotonsu. Kamannin waje yana ruɗi. Giyabos biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya na motar dizal ne, ɗaya na fetur, lissafin haƙoransu ya bambanta. Ka ɗora wanda ba naka ba, sai ka ga motar tana ihu a kan hanyar Bauchi tana shan mai kamar me, ko kuma ta rasa ƙarfin hawa in ka nufi Kaltungo da Tula da lodi. A Golf ma kawunan da shaf ke ɗauruwa a kai iri biyu ne, akwai mai faɗin milimita 90, akwai mai 100. Ku ƙirga haƙoran sandar da ke shiga cikin kuloci, ku duba ko malejinsa na waya ne ko na lantarki. Sannan ku sa shi a kowace lamba, har ribas, kuna juya sandar da hannu kuna saurare. Ta juya sumul, ba kartawa, ba girgiɗi. Ku kifa shi ku nemi tsaga ko tabon walda. In an ga sabon gam ya fito ta bakin mahaɗa, an taɓa buɗe shi, a tambayi dalili.

Kafin kuɗi su bar hannunku, ku yi magana a kan kwanakin gwaji, a rubuta a rasit: kwana nawa, kuma in bai yi ba canji za a yi ko mayar da kuɗi. Wasunku suna jin nauyin neman rubutu daga dattijo. Ku nema cikin ladabi, mai gaskiya ba ya ƙin rubutu. Ku kuma lura kwanakin daga ranar saye suke farawa, saboda haka kada a sayo giyabos sai an shirya ɗora shi a makon.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Golf 3 ta haura tan guda, 406 ta fi ta nauyi. Jak an yi shi ne don ya ɗaga mota, ba a yi shi don ya riƙe ta a kan mutum ba. Na mai yana iya sacewa a hankali ba ka sani ba, ɗan ƙaramin da ke zuwa da mota kuwa turi kaɗan ke kifar da shi. Aikin giyabos kuma aikin jijjiga ne, sai an ja, an girgiza, an banƙara kafin ya rabu da injin. Duk wannan ƙarfin a kan abin da ke riƙe da motar yake sauka.

Na san abin da ake yi a lungunanmu: a ɗauko bulo biyu daga ginin maƙwabci a tura. Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Bulon siminti mai rami ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi gaba ɗaya, kuma kun san yadda ake buga bulo a yau, buhu guda a miƙa shi iya miƙuwa. Ƙasar Gombe kuma yashi ce. Ruwan sama guda ke yanka kwari a unguwa, wannan kowa ya gani da idonsa. Ƙasar da ruwa ke kwasa haka ba za ta riƙe ƙafar jak ba, musamman da damina, ko a inda ake zubar da ruwan wanki. Ku nemi daɓen siminti mai kwance daidai. In babu, ku shimfiɗa katako mai kauri da faɗi, ku ɗora sitan na ƙarfe a kai, motar ta zauna a wuraren da aka yi don ɗaukar nauyinta. A sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi gaba da baya. Tayoyin da aka cire a tura su kwance ƙarƙashin motar, ko da wani abu ya kuɓuce su tare. Sannan ka tsaya a gefe ka girgiza motar da ƙarfinka duka. In ta motsa, kada ka shiga.

Kada kuma ka yi aikin kai kaɗai, ko da kana jin ƙarfi. Giyabos na ƙaramar mota yana kai kilo talatin zuwa arba'in, a tsaye ba wani nauyi ba ne, amma kana kwance rigingine, hannu duk mai, ya sulɓo maka a ƙirji ko a yatsu, labari ya canza. Ana bukatar mutum na biyu da zai riƙe, da wanda zai iya ɗaga motar ko ya yi ihu in wani abu ya faru. Yara kuma a kore su. Unguwa irin tamu da an buɗe bonet sun taru, kuma yaro ba ya ganin haɗari a jingina da mota ko wasa da hannun jak. A cire zobe da agogo, a sa kaya masu kama jiki.

Shawarar da na fi so ku ɗauka ita ce ku nemi tsohon bakanike ya tsaya muku, ku biya shi kuɗin tsayuwar. Garin nan yana da dattawan da suka koyi aiki a kan 504 tun Gombe tana ƙarƙashin Jihar Bauchi, kafin a ba ta jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma shekaru masu yawa motocinsa ne suka riƙe tashoshin Arewa, su ne makarantar mutanen nan. Sun sauke giyabos mai farfela na motar da ke ja da baya, zamani ya juya suka koma kan masu ja da gaba. Bidiyon da kuke kallo a waya an ɗauke shi ne a gareji mai na'urar ɗaga mota, a kan notin da bai taɓa haɗuwa da bakaniken da ya ɗaure shi da guduma ba. Motarku kuwa ta bi hannu goma, an canza mata kusoshi, an yi mata dabaru. Dattijon da ya saba da irin wannan kallo ɗaya zai yi ya ce maka, “Yaro, bar wannan, fara da na sama.” Ka je garejinsa da kanka, ka gaishe shi, ka ce, “Baba, so nake in koya, a taimaka a duba mini.” Da wuya ya ƙi. Zuwa biyu ma ya isa: lokacin da za a raba giyabos da injin, da lokacin da za a mayar. In ka ari kayan aikinsa, ka mayar a wanke, a cike, a ranar da ka ce.

Kwancewar kanta ba ta da wani sirri. A fara cire baƙar wayar batir, domin za a taɓa kik, kuma wayarsa kullum da wuta. A ɗauki hoton kowace waya da kowace mahaɗa kafin a taɓa ta. Babban notin shaf a sassauta shi tun mota tana ƙasa. A juye mai, a cire shaf, a kwance sandar giya, wayar kuloci, wayar maleji da ta fitilar ribas. Kusoshin da ke haɗa giyabos da injin tsawonsu ba ɗaya ba ne, ku huda kwali ku jera su yadda suke a jiki. Abin da sabon hannu ke mantawa shi ne a motar da ke ja da gaba, giyabos yana cikin abin da ke ɗauke da injin. Ka kwance shi ba ka tallafi injin ba, sai ya rafko gefe guda ya tsinke tiyo da wayoyi. A tokare shi daga ƙasa da jak da faffaɗan katako, ko a rataye shi daga sama.

Da giyabos ya sauka, kuloci ya bayyana, kuma a nan ne zuciya za ta fara raɗa muku cewa ai wannan filet ɗin da sauransa. Kuɗi sun riga sun tafi a giyabos, aljihu ya yi sanyi, na sani. Amma ku dubi wahalar da kuka sha kafin ku ga fuskarsa. Duk ranar da ya ƙarasa cinyewa, wannan wahalar za a sake daga farko. In dai ba kwanan nan aka canza shi ba, a sa sabo gaba ɗaya, filet da dis da boris. In kun ga tun farko kuɗin ba zai kai ba, gara motar ta ƙara mako biyu a tsaye, wato a jinkirta sayen giyabos ɗin har a haɗa kuɗin duka. A duba bayan fulawil, in akwai damshin baƙin mai, sil ɗin injin na baya yana yoyo, kuma zai jiƙa sabon kulocin ya lalata shi. A canza sil-sil na giyabos ɗin da aka sayo tun yana ƙasa, roba ce da ta shekara ashirin da wani abu. Ƙurar da ke cikin wurin kuma kada a hura ta da baki ko da iska. Wasu tsofaffin filet da na araha suna ɗauke da asbesto, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Tsumma mai damshi ya wadatar. Masu Golf ku lura, a yawancinsu an juya tsarin: dis ne ke ɗaure a jikin injin, fulawil ya rufe a kansa. In ka zo da ilimin wata mota za ka ruɗe, wannan ma dalili ne na kiran dattijo.

Mayarwa ita ce gwajin haƙuri. Filet yana da gaba da baya, a duba rubutun jikinsa. Dole ya zauna a tsakiya cif kafin a ɗaure, in ya kauce ko kaɗan sandar giyabos ba za ta shiga ba. Kusoshin a bi su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, har su zauna tare. A shafa ɗan giris a haƙoran sandar, kaɗan ƙwarai, don in ya yi yawa zai fantsama kan filet. Sannan a ɗaga giyabos a daidaita shi da injin, ana ɗan juya shi har haƙora su haɗu. In ya shiga daidai, da hannu zai matso har baki ya haɗu da baki. In ya tsaya saura ɗan yatsa, kada ku kuskura ku jawo shi da kusoshi. Rana ta faɗi, an gaji, ana kiran sallah, wani zai ce a ɗaure kawai zai shige. Haka ake lanƙwasa sabon filet, haka ake tsaga jikin giyabos ɗin da aka saya jiya, kuma ba ɗan kasuwar da zai karɓi fasasshe. A sauke shi, a rufe da buhu saboda ƙura, a je masallaci, gobe da safe a sake gwadawa. Kada kuma a bar shi yana reto a kan sandar ba tallafi. Wanda zai iya aron sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya ara, musamman saboda kusoshin fulawil da notin shaf. Notin shaf da ƙafar mota su ne ke riƙe da taya, kuma tayar nan mahaifiyarka za ta ɗauka zuwa asibiti, ko fasinjan da bai san an yi aiki ba.

Sai mai. Yawancin giyabos na gwanjo a bushe suke zuwa, kuma an sha tayar da mota a haka saboda ɗoki. A fara tabbatar da notin zubawa yana kwancuwa. A sa irin man da aka rubuta wa motar: Golf tana son 75W-90 mai lambar GL-4, kusan lita biyu, 406 kuma 75W-80. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, mai kauri kamar kunu, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Kauri ba shi ne kyau ba, da sanyin hunturu irin wannan man ke sa giya ta ƙi shiga da safe. Wanda aka yi don aksul na baya kuma, mai lambar GL-5 zalla, bai dace da zoben tagulla ba. A cika shi daidai mota tana kwance sosai, domin a Golf in mai ya yi ƙasa lamba biyar ce ke fara ƙonewa, ita ce a can ƙarshe inda man ke wuyar kaiwa, kuma ita kuke dogara da ita a doguwar hanya. Tsohon man a zuba shi a jarka a kai gareji. Kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya, ruwan da unguwa ke sha a ƙarƙashin wannan yashin yake.

In an sauke mota ƙasa, kafin a motsa a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. A zagaya cikin unguwa a hankali, a bi kowace lamba, a tsaya a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sai washegari a kama hanyar Dadin Kowa ko ta Kumo ba lodi, rediyo a kashe, gilas a sauke, ana saurare. In da abin da bai yi ba, a koma wa mai kaya tun kwanakin gwaji ba su cika ba, da rasit a hannu. Bayan mako guda a sake bin kusoshi, a duba mai. In motar Bappa ce ko ta maigidan da kake wa tuƙi, ka gaya masa duk abin da aka sa da abin da aka bari, har kuɗin da ya rage. Ran da za a sayar da ita kuma a faɗa wa mai saye an canza giyabos.

Tsohon giyabos ɗin kuma kada ku yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ku wanke shi, ku shimfiɗa buhu a inuwa ku buɗe shi, kuna jera kayan yadda suka fito. Ku nemo abin da ya kashe shi, ku ga yadda cokulan ciki ke tura giya, ku gwada zoben da ya cinye da wanda bai cinye ba a kan mazauninsu. Sau da yawa za ku tarar boris ɗaya ne ko zobe biyu suka lalace, sauran lafiya lau. In haka ne, bakanike mai haɗa giyabos zai iya tayar da shi ya zama na ajiya, ko ya saye shi a hannunku da daraja fiye da ta ƙarfen awo.